Warwarar Ɗinki

Wata bakwai ke nan da buɗe shagona na cikin waya.
Ni ina Jekadafari, ƙofarsa kuwa tana ko'ina.
Na zuba masa ado kamar falon da ake jiran baƙi:
furanni na yawo, kiɗa na tashi ba a taɓa shi ba,
sunana da ruwan zinare yana juyi.
Masu leƙe, ɗari uku a mako.
Masu saye, biyu.
Ɗayar ma ƙanwata ce.

Na ce wa Hammadu, maginin irin wannan shago,
ƙara mini ƙyalli, mutanen Gombe ido gare su.
Bai bi ta kan wannan ba.
Ya ce in kira Goggo Dudu, ungozomar Kumo,
wadda gilashin wayarta ya tsage gida uku.
Ya ce, ki ce ta sayi abaya ɗaya,
ke kuma ki ɗinke bakinki.

Na ɗinke.

Hoto ya tsaya a rabi, ga kai babu ƙafa,
'yar da'irar nan na zagaye kamar akuya a turke.
Goggo ta ce, katina ne ke ƙonewa haka?
Babban yatsanta ya nufi ruwan toka, ya faɗa kan ja.
Ta nemi kuɗin kaya, aka ce ta fara kawo suna,
da ranar haihuwa, da kalmar sirri mai harafi takwas.
Ta ce, ni da na karɓi haihuwar rabin Kumo
ban san ranar tawa ba.
Ko a Tsohuwar Kasuwa, wane mai tebur ne
zai tambayi wannan kafin ya faɗi kuɗin yadi?
Ta kife wayar a cinya.
Ta ce a ba ta ruwa.

Da dare na tuna rigar farko da na ɗinka
a gaban Malama Asabe, ina 'yar sha huɗu.
Kyau kamar a sa ta a gilas,
amma hannu ba ya ɗaguwa.
Ta miƙo mini reza, ta ce,
ba ƙusa za ta sa ta ba, mai numfashi ce.

Sai muka sa reza.
Furanni suka fara tafiya, kiɗa ya bi bayansu.
Sunana ya sauko daga zinare,
ya koma baƙi, ƙarami, a kusurwa.
Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.
Hammadu ya rage wa hotuna nauyi
yadda sabis mai sanda ɗaya a Dukku zai iya ɗauka.
Kuɗi ya fito fili a ƙasan kowace riga,
ba sai an yi sallama an tsaya jira ba.
Wurin dannawa ya kai faɗin yatsan da ya sha wanki.
Muka goge haruffan awo na Turawa,
muka sa kafaɗa, ƙirji, tsawo,
da hoton hannuna riƙe da tef.
Na sallami gunkin roba daga aiki.
Maman Lois ta Kaltungo ta sa kayan,
ta tsaya a hasken la'asar
da jikinta da wushiryarta.
Ƙofa bakwai ta koma uku:
gani, awo, biya.

Kore ne kawai muka yi faɗa a kai.
Shi ya ce a cire, ni na ce launin keken ɗinkin kakata ne.
Nan dai ni na ci.

Ranar Laraba an ɗauke wuta,
ina yankan shadda a bakin taga,
waya ta yi ƙara sau ɗaya.
Abaya, ruwan toka, Kumo. An biya.
A ƙasa an rubuta:
a saki hannu da inci biyu,
ina ɗaga jarirai.

Ba ta kira ta tambayi hanya ba.
Na ture shaddar gefe,
na lalubo alli.