Mai Gyaran Rediyo a Dilimi

Kwana arba'in da rasuwar Baba
muka ɓalle kwaɗon akwatinsa na ƙarfe.
Inna Kande ta ce ba abin da za a tarar
sai matattun batura da rasit ɗin haya.
Sai ga kaki a ninke, igiya uku a hannu,
warin kafur, da lambar da ba ta taɓa ganin rana ba.

Shekara ashirin da shida
na san shi a rumfar kwano a Dilimi,
tabarau a karan hanci, dalma na hayaƙi,
yana yi wa rediyon mutane tiyata.
Direbobin tirela, 'yan kuza daga Bukuru,
masu dankali da suka sauko daga Bokkos,
duk wanda ya zauna a bencinsa sai bakinsa ya kwance.
Shi kuwa "to, to" kawai, yana murza waya.
Ashe kunnen barikin Rukuba ne.

Ƙarƙashin kakin akwai littafi mai shuɗin bango,
rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa:

"Sana'ar nan ta girmi bindiga.
Tun ba a daka albarushi ba akwai magewayi,
mai shiga garin abokan gaba da jakin gishiri,
ya ƙirga rijiyoyi, ya auna ganuwa da ido,
ya taka kashin dawaki ya ji ɗanye ne ko busasshe,
ya komo sansani ya zana wa sarkin yaƙi da tsinke a ƙasa.
Babana ya yi ta a dajin Bama,
yana rarrafe cikin ruwa, yana karanta karyayyen reshe.
Mu aka ba taswira da wayar iska.
Na bayanmu suna da jirgin da ba matuƙi.
Aikin dai ɗaya ne:
ka san abin da ke bayan dutse
kafin ka tura ɗan wata."

Na juya shafi.
Wata Laraba, ran da aka yi ruwa da ƙanƙara,
ran da ya hana Inna zuwa Farin Gada sayen tumatir
har ta yi fushi ta ƙi dafa masa gwate:
"Mota mai albasa. Ba albasa kaɗai ba.
An tare ta kafin gada."
Layi biyu ke nan.
Kasuwa ta ci ta watse, kowa ya koma gida da cefanensa,
ba wanda ya san akwai wanda zai gode wa.
Nasararsu ita ce abin da bai faru ba,
wa zai yi wa shiru kirari?

Amma shafi na talatin da ɗaya ya jiƙe ya bushe.
Suna ɗaya: Dalyop, mai facin taya, maƙwabcin rumfarsa.
"Na ji rabin zance, na kai shi a cikakke.
Wata bakwai ya yi a tsare. Ba shi ba ne.
Ya fito da tari, tarin ya tafi da shi."
Daga nan har ƙarshen littafin
ba taswira, ba lambar mota,
sai kuɗin makarantar yara uku, zango bayan zango,
da sunan da ba nasa ba a wurin mai biya.

Na tuna yadda ba ya juya wa ƙofa baya ko a masallaci,
yadda yake rage muryar rediyo in labarai suka zo,
kamar wanda ya riga ya ji.

Jiya na je rufe rumfar.
Sanyin Jos na ratsa kwanon, bencin na nan da ramin zamansa.
Matar Dalyop ta zo karɓar rediyonta, ta tsufa,
ta ce, "Babanku mutumin kirki ne, bai taɓa karɓar sisina ba."

Littafin yana cikin aljihuna, yana da nauyi.
Na sa mata sabon batir.
Na ce, "To, to."