Huda ta Bakwai

Da huda shida agogon Baba ya zo daga kanti.
Shekara goma sha ɗaya yana ɗaure a ta biyu,
har robar ta yi kanta a wurin,
kamar goshin mai yawan sujada.

Ciwon bai yi sallama ba.
Mu dai mun ga agogo ya fara tafiya:
ta uku a Rajab,
ta biyar kafin a ga watan azumi.
Ranar da muka dawo daga babban asibiti
ya miƙa hannu zai karɓi kofin kunu,
agogon ya sulale har gwiwar hannu.
Ya dube shi, ya dube ni.
Kunun ya huce ba wanda ya yi magana.

Na ce a cire a ajiye.
Ya ce, "Sada, shekara talatin
ina kaɗa ƙararrawar makaranta a Rafindadi,
yau ni zan tambayi wani ƙarfe nawa?"

Rabe mai gyara, a bakin Ƙofar Guga,
bai ko cire gilashin idonsa ba.
Ya ce, "Wannan ai aikin gida ne.
Ƙusa da garwashi, sai reza.
Amma ka yi a hankali da yanka,
roba ba gashi ba ce, ba ta tohowa."

Da dare, yana barci, na auna shi da zare.
Ban ma buƙaci zaren ba:
babban yatsana da manuni suka haɗu,
har da sauran fili.
Hannun da ya taɓa ɗaga ni da kunne ɗaya
ranar da na fasa tulun Inna.

Na tura ƙusa cikin kurfoti har ta yi ja,
na riƙe da filaya, na soka.
Ƙaurin roba ya cika tsakar gida,
Inna ta yi tari daga ɗaki, ta ce wa ke ƙona taya?
Huda ta bakwai ta ɗan karkace.
Wutsiyar kuma ta yi tsawo, tana reto,
sai na ɗora ta a kan turmi, na sa reza.

Ba zan ɓoye ba.
Na tuna maganar Rabe, kuma na yanka da yawa.
Huda uku suka tafi, har da tasa ta biyu.
Na yanka kamar wanda ya riga ya karɓi gaisuwa.
Na goge bakin a siminti ya yi sumul,
guntun na kasa yarwa,
na jefa a gwangwanin allurar Inna.

To, sai ga damina.
Wata safiya ya ce yana marmarin dambun zogale.
Ya ci, ya nemi ƙari.
Bayan mako uku ta bakwai ta fara cizon fata,
ya koma ta shida,
ta biyar,
ta huɗu, a bakin gaɓa.
Daga nan babu hanya.

Ya yi dariya har da hawaye,
ya ce, "Ɗan nema, awon likkafani ka yi mani!"
Na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da yatsa.

Na ce zan sayo sabon maɗauri.
Ya ce a'a, kira mani Indo.
Shekararta tara, hannu kamar sillen kara.
Ta bakwai ta zauna mata daidai,
karkatacciyar nan,
sai ka ce da ita na auna.

Yanzu daga zaure kana jin muryarsa,
sau goma kafin azahar:
"Indo! Ƙarfe nawa?"
Ita kuma ta taho a guje, tana tallabe da hannu
kamar mai ɗauke da ƙwai.

Guntun yana nan cikin gwangwani.
Duk ranar da Inna ta aike ni ɗauko allura,
sai na taɓa shi da gangan.