Yatsa Biyu

A Londrina ƙasa ja ce.
Tana shiga farce, tana shiga zaren noti,
ko da fetur aka wanke ba ta fita.
Can bayan tashar bas garejin Anacleto yake:
rufin kwano, rediyo mai tari,
kofi mai ɗaci da ya huce tun hantsi.

Wata bakwai ina ɗora buhunan waken soya
kafin kwalin ya iso.
Shokozoba huɗu, jikinsu duk zare,
sifirin shuɗaye, gajeru, masu taurin kai,
da sifana mai baki kamar ƙugiya.

Ya ce, "Nawa za a sauke ta, Joelson?"
Na ce, "Har kwalin sigari ya kasa tsayuwa a ƙarƙashinta."
Ya dube ni, ya dubi tsohuwar Gol ɗin babana,
ya tofa wa tafinsa yawu, ya jawo jak.

Zobe yana juyawa, tana durƙusawa,
juyi ɗaya, juyi biyu, ashirin,
har taya ta ɓoye goshinta a cikin jiki
kamar kunkuru ya ji motsi.

Kai, ranar nan!
Kwanar da ke bayan masaƙa, wadda take sa ta tangaɗi,
na shige ta ba ta ko karkata ba.
Sitiyari ya daina gardama.
Abin da hannu ya raya, ƙafa huɗu sun ji.
Daren Asabar a gidan mai
samari suka tsuguna da fitilar waya
suna leƙen cikinta, suna fito.
Na kwana ban taka ƙasa ba,
ni da na biya kuɗi don in kusance ta.

Sai Talata.
Talata da Juma'a ake wanke wa kakata ƙoda.
Tsakanin ƙofarmu da asibiti
tudun rage gudu goma sha bakwai ne.
Da ban san adadinsu ba.
Yanzu kowanne sai na hau shi a karkace,
a hankali, kamar ɓarawo a tsani,
salansa na kartar kwalta,
masu bas na zagina daga baya.

Zulmira ba ta ce uffan ba.
Ta riƙe madaurin sama da hannu biyu,
faifan ƙwai da ta kawo wa nas a cinyarta.
Rami kaɗan, sai in ga leɓenta ya shige ciki.
A ƙofar asibiti ta buɗe ƙyalle:
uku sun fashe.
Ta ce, "Motar nan ta yi ilimi, ɗan nan.
Titi take karanta mini baƙi-baƙi,
da ƙashin ƙuguna nake saurare."

Ban jira ta fito ba.

Anacleto na ganina ya jawo jak,
kamar dama Talata yake jira.
Ya goge jar ƙasa daga zaren da tsohon burushi,
ya shafa giris,
ya miƙo mini sifana: "Kai ka saukar, kai za ka ɗaga."
Juyi takwas kowace ƙafa.
Ya sassauta taurin shokozoba da ƙas uku,
ya auna gaba, ya auna baya,
ya daidaita tayoyi har suka dubi wuri guda.
Yatsa biyu ke nan tsakanin roba da ƙarfe.

Asabar, Cleiton ya tura kwalin sigari,
ya wuce a tsaye, da sarari a kansa.
Suka yi dariya. Na sayi lemo na sha.

Kwanar masaƙa yanzu tana ɗan jingina,
kaɗan, kamar mai gaisuwa.

Juma'a, a tudu na goma sha ɗaya,
na waiga in tambaye ta yaya.
Bakinta a buɗe, kanta jikin gilashi,
ƙwai shida lafiya lau.
Na rage rediyo.