Rajistar Sama

Daren da aka ɗauke wuta a Kakuri,
ina gadin masaƙar da ta daina saƙa,
na gaji da kallon kwaɗon ƙofa, na ɗaga kai,
sai ga ta can, bisa tankin ruwa,
ja-ja, ba ƙiftawa, ba ƙara.
Ta tsaya cak kamar mai jiran canji,
sannan ta sulale gabas.

Da safe a teburin mai shayi kowa ya zama malami.
Wani ya ce aljanu ne ke cin kasuwa.
Wani ya ce ta sojoji ce, a ja baki.
Barau ya ce, “Yunwa ce, Tanimu, ci burodi.”

Malama Asabe ta zo sayen ƙwai,
ita da ta koyar da lissafi a Barnawa
har alli ya cinye mata murya.
Ta ce, “Ƙarfe nawa? Ta wace kusurwa?
Dunƙule nawa daga bakin ƙasa?”
Na ce ban auna ba.
Ta ce, “To, kallo ka yi, ba ka gani ba tukuna.”

Ta ba ni tsohuwar rajistar aji.
Inda sunayen yara suka ƙare, nan muka fara.

Mu biyar ne.
Shekwolo a kwalekwalensa, ƙasan Kabala,
Larai da ke duba marasa lafiya da dare a Tudun Wada,
tana leƙa taga tsakanin allura da allura,
Iliya mai gyaran waya a kan rufin shagonsa a Kawo,
Malama, da ni.
Ka miƙe hannu, ka dunƙule,
ka ɗora dunƙule kan dunƙule har ka kai gare ta.
Ka duba agogo kafin ka ce subhanallahi,
ko ka faɗe su tare.
Kamfas ɗin da nake neman alƙibla da shi
ya sami aiki na biyu.

Ran Asabar muka shimfiɗa taswira a tabarma.
Na kawo zaren da na ɓoye
tun ranar da injuna suka yi shiru.
Kowa ya ja nasa daga inda ya tsaya,
inda zare ya haɗu da zare muka soka allura.
Shekara nawa rabon zaren nan da aiki!

Goma sha ɗaya jirage ne masu sauka Mando.
Bakwai harshen wutar matatar mai ne yana lasar gajimare.
Jerin nan da ya sa tsofaffi salati
taurarin ɗan'adam ne, sun bi sahu kamar awakin kiwo.
Har Zara matar wata ta ruɗe mu sau huɗu.
Ɗaya kuma, kunya ta hana ni ɗaga kai,
fitilar wani yaro ce ɗaure a jikin balan-balan.
Barau ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Saura uku.
Uku da zarenmu ya haɗu a kansu bisa kogi,
ba jirgi a lokacin, ba hadari, ba biki.
Iliya ya so ya rubuta baƙi daga wata duniya.
Malama ta karɓe biron,
ta rubuta a gefe da ƙaramin hannunta:
ba mu sani ba tukuna.
Ta ce wannan ma amsa ce,
ta fi ƙarya tsada.

Yanzu idanunta sun yi hazo, ba ta fita.
Nakan je da hantsi in karanta mata na jiya,
ta gyara mini lissafi daga kan gado.

Daren yau ma an ɗauke wuta.
Unguwa na tsaki, janareto na tari.
Ni kuwa na feƙe fensir,
na jingina da bangon masaƙa,
shafi na sittin da biyu a buɗe kan gwiwata.