Littafin da Ya Yi Hannu Tara

Ina shekara takwas na fara aikin asibiti,
ba da farar riga ba.
Tafinta ce ni tsakanin likita da mamá,
kaina bai kai tsayin gadon ba.
Ya faɗi wata kalma doguwa kamar layin inabin Selma.
Ban san ta ba.
Na ce, mamá, wai za ki warke.
Ƙaryar nan ce ta kawo ni jami'a.

Ranar da baba ya sauke ni a Fresno
bai kashe motar ba.
Ya dubi gine-ginen, ya dubi tafin hannunsa,
ya miƙo dala sittin naɗe a takardar burodi,
ya ce, in kin ɓata ki yi tambaya.
Wa zan tambaya?
Idon baƙo manya ne, amma ba ya ganin gari.

Mu ɗari uku a ajin kimiyyar sinadarai.
Ta kusa da ni uwarta likitar ido ce,
ta san ƙofar da ake bugawa da wadda ake turawa.
Ni kuwa na ɗauka ofishin malami
sai mai laifi ke shigarsa.
Jarrabawar farko, arba'in da ɗaya.
Na ninke takardar sau huɗu,
na ce wa mamá a waya, lafiya lau.

Ƙamshi ya cece ni, ba wayo ba.
Daren Talata, can ƙasan ginin kimiyya,
wani yana ɗumama wake da barkono,
irin mai sa tari tun ba a ci ba.
Na bi hancina, matakala goma sha bakwai.
Su biyar ne, na shida ƙwarangwal na roba,
Don Chuy, an yafa masa gyale saboda sanyi.
Xiomara ba ta tambayi sunana ba,
ta ce, nawa kika ci?
Na faɗa ciki-ciki.
Efraín ya yi dariya har ya ƙware:
talatin da takwas, bara. Zauna, ga cokali.

Wilmer daga gadin dare yake zuwa, da takalman aiki.
Araceli tana haddar jijiyoyi
ɗanta na barci a kan jakunkunanmu.
Itzel haƙori take so ta karanta,
tun da ta ga kakanta ya cire nasa da filaya.

A nan muka gane ƙasusuwa 'yan gidanmu ne.
Clavícula, costilla,
sunayen da kakata ke kira tana yi wa baba tausa.
Ashe rabin dodon da ake ba mu tsoro da shi
a nono muka sha shi.

Littafi ɗaya gare mu, bangonsa duk salatif,
ya yi hannu tara, da suna tara a ciki.
Uku sun zama nas.
Ɗaya tana can arewa tana koyon fiɗa.
Dagoberto ya koma gonar lemo
shekarar da babansa ya faɗo daga tsani,
ba wanda ya goge sunansa.
A gefen shafi na ɗari biyu da sha biyu
ya bar mana wasiyya da fensir:
nan na yi kuka, ku ci gaba, na gaba ya fi sauƙi.
Bai fi sauƙi ba.
Na gane irin ƙaryar, na yi masa godiya.

Watan jiya na raka mamá asibiti.
Kalmar nan ta dawo, tana nan da tsawonta.
Na karya ta gaɓa-gaɓa kamar rake,
na ba mamá gaskiya, ta tauna a hankali,
ta ce, ai na sani tun kina ƙarama,
na bar ki ne ki gama magana.

Yau Talata. Ni ke ɗumama waken.
Na ji tafiya ta tsaya a matakala ta tara,
tana shawarar komawa.
Na ƙara barkono,
na buɗe ƙofar sosai.