Ba a Kwance Tsumma

Ni ne Gocha, mai auren inabi a Telabi.
Wuƙata ta san inda ake tsaga reshe
a cusa masa baƙo, a ɗaure da tsumma,
kafin kaka su zama jini ɗaya.
Amma shekara tara, gidana ba kukan jinjiri.

Tinatin ta sha duk abin da aka ce ta sha,
ta kunna kyandir a coci bakwai.
Ashe ba gonar ba ce. Irin ne.
Likita ta faɗa tana duban takarda,
ni ina duban takalmina.

A bayan ambulan ta zana mana hanyoyi:
ƙwayoyi ba za su fisshe ku ba;
ana tace iri a kai shi ƙofar mahaifa,
amma naka ba ya iyo.
Saura a zaɓi guda ɗaya
da allurar da ta fi gashin ido siranta,
a shigar da shi cikin ƙwai da hannu.
Na ce, ai wannan sana'ata ce.
Tinatin kaɗai ta yi dariya.

Muka sayar da motar babana
da randa uku ta inabin bara.
Kullum ƙarfe tara na dare ni ke mata allura.
Hannun da bai taɓa rawa a kan reshe ba
ga shi yana kyarma a gefen cibiya.
Ta ce, soka mana, malam, kada shayi ya huce.

Ƙwai goma sha ɗaya aka ciro a Tibilisi.
Wayar safe ta ce bakwai.
Ta jibi ta ce huɗu.
Rana ta biyar, biyu.
Aka dasa ɗaya.
Ɗayan yana barci cikin ƙanƙara a hawa na uku,
muna biya masa haya kamar ɗalibi.

A bas ɗin komawa gida
na zagi kowane rami a zuci,
ita kuwa tana cin gyaɗa, tana kallon duwatsu.

Kwana goma sha biyu, in ji likita.
Yau na shida.
Da asuba na zaga cikin kuringar inabi
na taɓa ɗaurin da na yi a watan jiya.
Na san dokar tun ina yaro:
ba a kwance tsumma
don a leƙa ko ya kama.