Lantana Ta Sauko Daga Wata

Da rana ni mai gyaran na'urar sanyi ne
a benayen Jidda, gumi har cikin takalmi.
Da dare, a ɗakinmu na Hindawiyya,
ni ke raba wa mutane filaye a duniyar wata.

Shafi ɗari uku da sha ɗaya.
Shekara huɗu ina ɗinkin su.

Na kai wa Ustaz Mishari a titin Tahliya.
Ya ba ni gahawa da minti uku,
ya kife wayarsa a kan tebur, ya ce:
"Jimla ɗaya. In labari bai shiga jimla ɗaya ba,
ba zai shiga aljihun mai kuɗi ba."

Na ce: wata mata ce, Lantana,
haifaffiyar wata, jika ta biyar a can,
ta tara guzuri za ta sauko aikin Hajji.
Alƙiblarsu a saman kai take,
shuɗiya, tana lilo kamar ƙwarya a ragaya.
Ba su ganin jinjirin Ramadan
don a kansa suke tsaye.
Ƙashinta bai san nauyin ƙasa ba,
zagaye bakwai na ɗawafi na iya karya ta,
kuma ta sani.

Ya ce: "Jimla shida ke nan.
Ina dodon? Wa ke harbin wa?"

Wakiliyar marubuta a Riyad ta amsa bayan wata biyu.
Ta yaba, yabon da ake yi wa tuwon maƙwabta.
A juya shi Larabci, in ji ta,
a aske sunan ya koma Lana,
fatar ma a ɗan sassauta mata.

Wani furodusa daga Kano ya turo saƙon murya,
hon ɗin Adaidaita na ratsa maganarsa:
"Malam Tasi'u, labari ya yi, wallahi ya yi.
Sai dai wata da tsada.
Me zai hana a mai da shi ƙauye a bayan Dambatta,
a sa waƙa biyar?"

Na yi dariya har Iya ta leƙo.
Iya ba ta karatun boko, ni nake karanta mata.
Da muka kai inda ƙafar Lantana ta taɓa ƙasa
gwiwoyinta suka ƙi ta,
sai ta ajiye carbi.
"Ai kakanka ne wannan.
Shekara tara daga Haɗejiya a ƙafa,
ya yi noman auduga a Jazira, ya yi dako a Sawakin,
ranar da ya ga Ɗakin Allah
sai ɗaukarsa aka yi."

Ban faɗa wa Mishari wannan ba.
Ban san na sani ba.

Yanzu ina da jimlar, na haddace ta kamar lambar iƙama:
Mace ta bar inda ba ta da nauyi
ta je inda nauyi zai iya kashe ta, don an kira ta.
Na aika wa mutum goma sha bakwai.
Uku sun ce a'a. Sauran ko a'a sun yi rowarta.

Ranar Talata aka kira ni gyara a Tahliya,
hawa na tara, ofishin da na sani.
Mishari bai gane ni cikin kayan aiki ba.
Rubutuna na nan kan kanta,
an ɗora masa tukunyar fure.
Amma mai shayin ofis ɗin, Attayyib, ɗan Maiwurno,
ya biyo ni har bakin lif,
ya ce da Hausar da ta sha ruwan Nilu:
"Shafi na ƙarshe ya jiƙe, ba ya karantuwa.
Don Allah, ta gama zagayen?"

Na ce ya ba ni lambarsa.
Lif ya rufe kafin ya kai ƙarshenta.